Gishiri a Finjalin Mai Maganin Gwiwa

Wasu daga cikinku sun rubuto mini cewa girman kai ne yake damuna. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi, idan ba na son Elvedin, in taimaka in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ba sai na wahalar da kaina ba. Lambarsa tana jikin kowace kwalba, tana jikin motarsa dama da hagu, tana kuma kan babban allon da ke bakin hanyar shiga garinmu Kakanj, a nan Bosniya, a ƙarƙashin hotonsa, inda ya harɗe hannuwa yana murmushi kamar shi ya ƙera wa ɗan Adam gwiwa. Ki kira shi, zai ɗauka. Sai dai kafin ki kashe wayar za ki tarar kin sayi kwali biyu, ɗaya naki, ɗaya na surukar da ba ki yi ba tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata, sunana Mersiha, malamar lissafi ce ni a firamaren unguwarmu. Na doshi talatin ban yi aure ba, abin da mahaifiyata Fikreta take ɗauka cuta ce da ta fi sanyin ƙashi muni. Mahaifina Ragib, wanda muke kira Babo, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar kwal, ya fito da ɗan fansho da gwiwoyi biyu da suka gama aiki tun kafin mai su. Shekara da shekaru a kan kujera yake salla, can gefen sahu, cikin tsofaffin da suka haife shi. Bai taɓa ƙorafi ba, amma na sha ganin irin kallon da yake yi wa dardumarsa idan Mama tana naɗe ta.

Ta wannan ƙofa Elvedin ya shigo mana gida.

Maganinsa yana da suna mai daɗin ji, wai Saiwar Kakanni. A cikin kwalin akwai kwalbar ƙwayoyi da gwangwanin man shafawa. Ƙwayoyin garin kopriva ne, ganyen nan mai ƙaiƙayi da muke sarewa a bayan shinge muna tsine masa. Man kuwa na saiwar wani tsiro ne da muke kira gavez, wadda marigayiya Nana, kakata ta wajen uba, ta fi kowa saninta. Idan ganye ya fara zuba takan gangara bakin kogi ta haƙo ta, ta kankare baƙin ɓawon, ta goge farar tsokar mai yauƙi, ta dafa da kitsen tunkiya da kakin zuma, ta ɗura a tsofaffin kwalabe. Duk wanda ya yi targaɗe a unguwa kyauta yake karɓa, tare da faɗa: “Shafa, ka zauna wuri ɗaya, kada in gan ka a gona.” Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin zai yi tsere da doki ba. Elvedin ya yi wannan alkawari, da manyan baƙaƙe, a gefen hoton wata tsohuwa mai farin ɗankwali wadda ba kakar kowa ba ce a faɗin Bosniya. A intanet ya sayo ta.

Da bazara ya kawo wa Babo kwali kyauta. Ana nan, wata Juma'a Babo ya ture kujera, ya kai goshinsa ƙasa. Ya dawo gida yana kuka kamar yaro. Ni na san a makon nan ne na kai shi asibiti aka yi masa allura a gwiwa, na kuma san ɗumin bazara yana sassauta gaɓoɓi. Amma ku gaya mini, wace 'ya ce za ta tare mahaifinta a irin wannan rana da bayanin allura? Na yi shiru, Elvedin ya kwashe ladan. Bai tsaya nan ba, sai da ya zo da fitilarsa mai zobe, ya sa dattijon da ya girmi ubansa yana tsugunawa yana tashi a tsakar gida, riƙe da kwalba. “Sake, Baffa Ragib, ba ka yi murmushi ba.” Bidiyon ya zagaye gari. Daga nan kuma ya gano cewa a gidan, ban da gwiwa, akwai budurwa.

Ranar Asabar da ta wuce, jajiberin zuwansu neman aurena, saƙonsa ya tashe ni ta manhajar Viber.

“Barka da asuba, sarauniyar guringuntsina.”

Na ja tsaki. Wani saƙon ya biyo.

“Ke ce man da ke tsakanin gaɓoɓin rayuwata. Idan babu ke, ƙashi ne yake gugar ƙashi.”

Na kifa wayar a kan matashi, na nemi tsari daga Shaiɗan da masu talla, na sauka kicin. Mama ta shimfiɗa farin mayafi a kan tebur tana murza kwaɓin baklava, kayan zaƙin da muke tarbar baƙi da shi, siriri har ana hango zanen furen da ke ƙarƙashinsa. Gyaɗar walnut tana cikin kwano, ruwan sukari yana tafasa da yankan lemun tsami. A bayan ƙofa ta rataye koriyar rigar da ta sayo mini ba da shawarata ba, mai dogon hannu da duwatsu a wuya, irin wadda ke sa mace ta yi kama da kwalin alewa.

“Mama, na gaya miki ba na so.”

“Miƙo mini man shanu.”

“Mama.”

“Na ji ki, ba kurma ba ce ni. Ke dai faɗa mini aibinsa guda ɗaya.”

“Ba ya sa safa.”

“Aibi na ce, ba shirme ba.”

“Yanzun nan ya kira ni guringuntsi.”

“To sai me? Ubanki da ya zo nemana ko sunana bai iya faɗa ba, takalminsa ya yi ta kallo har aka watse. Ke an kira ki wani abu, kina yanga. Yarinyar maƙwabciyarmu Sabaheta da kika goya tana ƙasar waje, a birnin Graz, da 'ya'ya biyu da injin wanke kwano. Ke me kike da shi? Alli a gashi.”

“Alli ba ya yi wa tsofaffi ƙarya.”

Ta ajiye muciyar murzawa, ta goge hannu a jikin zanenta, ta dube ni da idon da take duban mai nama idan ya tauye mata awo.

“Shi ke nan, malama. Ga Babonki can a falo. Je ki kalle shi ido cikin ido, ki ce masa mutumin da ya mayar masa da sujadarsa bai kai ya sha ruwa a hannunki ba. Je ki mana, ina nan ina saurare.”

Na je. Wallahi na je har bakin ƙofa. Babo yana zaune a kusurwarsa ta doguwar kujerar da ke jikin bango, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci yana latsa waya da yatsa ɗaya.

“Zo ki gani, ɗana,” ya ce, da ma haka iyaye maza suke kiran 'ya'yansu mata a nan idan ƙauna ta motsa. “Wani abokina da muka yi rami tare ya rubuto daga Jamus, wai ya gan ni ina tsalle kamar ɗan akuya. Yaron nan mutumin kirki ne, Mersiha. Ba kowa ke tunawa da irinmu ba.”

Na ce, “Haka ne, Babo.” Na juya da maganata a baki.

A nan ne na tuna da hanyar da matan garinmu suka bar wa irina. Mu ba ma zuba sukari a gahawa. Dunƙulensa ake gatsa, a kurɓa a kai. Rana ɗaya ce kawai ake saɓa wa wannan, ranar da aka zo neman yarinya. Ita take dafawa. Idan ta yarda, sai ta zaƙaƙa tukunyar. Idan ba ta yarda ba, gishiri take zubawa. Baƙi su kurɓa, su gane, babban cikinsu ya ɗauko zancen yanayi, a ɗan taɓa hira, kowa ya nemi takalminsa. Ba a ce “a'a” ba, ba a ji “a'a” ba, babu wanda fuskarsa ta zube. Da haka Nana ta sallami mutum biyu kafin kakana. Na ce a raina, abin da bakina ya kasa, finjali zai faɗa.

Ranar Lahadi bayan azahar suka iso. Na leƙa ta labule. Elvedin ya fito daga mota cikin kwat ruwan toka wadda ta matse shi kamar tare aka haife su, idon sawunsa a waje cikin sanyin Oktoba. Mai sayar da maganin sanyin ƙashi ke nan, jama'a. Bayansa mahaifiyarsa Zumreta, wadda muke ce wa Teta, wato inna, da gwal a wuya da hannuwa, tana tafe tana ƙara kamar akwatin cokula. Sai baffansa Hasib, wani siririn dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda aka ɗauko don ya yi magana da yawun mahaifin Elvedin da ya rasu. Sun zo da furanni, da cakulan, da katon kwalin Saiwar Kakanni an ɗaure shi da jan ƙyalle. Kayan toshina ke nan.

Mama ta jera musu silifas ɗin baƙi. Babo tun hantsi yake zaune a kusurwarsa cikin kwat ɗinsa ta Idi, kuma daga zaune ya yi musu maraba, hannu a ƙirji. Mama ta galla masa harara, ya yi kamar bai gani ba. Elvedin kuwa ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya kafa fitilarsa a gefen kabad, ya maƙala waya, ya gyara gashi.

“Kai tsaye za mu yi, Baffa Ragib. Masu bibiyata sun san ka, iyali ɗaya muke da su. Wannan rana tasu ce su ma.”

“Kamar ɗaurin auren sarauniya,” in ji Teta Zumreta. “Fikreta, kin ga na jiya kuwa? Ashe direban nan ɗan gidan ne!”

“Ni tun farko na faɗa! Daga ganin idonsa!”

Fim ɗin Turkiyya suke nufi, mai dogon zango, wanda duk yamma yake rufe kasuwar matan Kakanj. Ban damu da hirar ba a lokacin. Da na sani.

Na shiga kicin cikin koriyar rigata. Na ɗora tukunyar jan ƙarfe mai dogon mariƙi, na zuba garin gahawa, na jira kumfa ta taso. Sannan na ɗauko gishiri. Ba a finjalinsa kaɗai na zuba ba, kada a ce kuskure ne. A tukunyar na juye, cokali bayan cokali, har sai da na tabbata ko mataccen harshe zai ji. Na jera finjalai a tire, da alewar lokum a gefe, na shigo kaina a ƙasa kamar 'yar kirki.

Baffa Hasib na fara miƙa wa. Ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon cikin finjalin, sannan ya ajiye shi a hankali, ya yi gyaran murya.

“Bana kam da alama dusar ƙanƙara za ta zo da wuri, Ragib. Kun shigo da itace kuwa?”

Allah ya saka wa wannan dattijo. Har ya fara laluben silifas ɗinsa da ƙafa.

Sai Teta Zumreta ta kurɓa. Ta zaro ido, ta dafe gwal ɗinta, ta ƙwala ihu.

“Gishiri! Fikreta, gishiri ta zuba! Wayyo 'yar albarka, irin na fim! Gwada shi take yi! Elvedin, shanye, ɗana, shanye duka, kada ka ɓata fuska! Wanda ya shanye shi ne mai so na gaskiya!”

Masu karatu, a can Turkiyya ashe haka suke yi. Amarya ta sa wa ango gishiri, ya shanye, a yi tafi. Matan garinmu sun kalli wannan a talabijin har ya goge musu abin da iyayensu suka koya musu. Na juya wajen Mama. Ita ta sani. A gaban surukarta Nana ta yi zaman aure, ta san labarin mutum biyun nan fiye da ni. Idonmu ya haɗu, na ga ta gane sarai. Sai ta ɗaga hannuwa ta fara tafi.

“Ai Mersiha akwai barkwanci! Tun tana ƙarama haka take!”

“Zumreta,” in ji Baffa Hasib a hankali, “a nan garin fa, idan yarinya ta…”

“Kai Hasib, rufe mana baki. Zamaninka ya tafi tare da jirgi mai hayaƙi.”

“Teta,” na ce, “ba abin da nake nufi ke nan ba.”

“Ji ta, kunya! Allah sarki, har kunnenta ya yi ja!”

Elvedin ya miƙe, ya juya gefen fuskarsa da ya fi so wajen waya, ya ɗaga finjalin kamar kofin gasa. Ya shanye har da gari. Na ga maƙogwaronsa yana kokawa da abin, idonsa ya kawo ruwa, amma murmushin bai motsa ba, don murmushin nan ba na fuskarsa ba ne, na kamfani ne.

“'Yan'uwa, kun gani,” ya ce wa wayar. “So kamar gaɓa yake, sai an matsa shi ake sanin ƙarfinsa. Albarkacin wannan rana, duk wanda ya yi oda kafin magariba, man shafawa kyauta ne.”

A ranar neman aurena. Ina tsaye da tire a hannu.

Teta Zumreta ta zunguri Baffa Hasib. Dattijon ya dube ni kamar mai neman gafara, ya miƙe, ya gyara maɓallin kwat, ya faɗi abin da aka kawo shi ya faɗa: da izinin Allah da sunnar Manzonsa, sun zo neman Mersiha 'yar Ragib ga ɗansu Elvedin. Ya miƙa hannu, ya tsaya.

Abin da ya rage ɗaya ne. Uba ya tashi tsaye, ya kama hannun, ya ce Allah ya sa alheri. Idan ya yi haka magana ta ƙullu, kuma a gaban rabin garin da ke kallo ta waya, ba mai kwance ta sai ya yaga mutuncin Babo tare da ita. Babo ya ɗauki finjalinsa, wanda ya riga ya kurɓa sau ɗaya, ya sake kurɓa. Bai dube ni ba. Ya ajiye shi, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya yunƙura.

Ya ɗago kamar taƙi ɗaya daga kujerar, ya koma daɓas.

Ya sake yunƙurawa. Jijiyar wuyansa ta fito, gumi ya tsatso masa a goshi. Ya sake komawa.

“Ta ƙi,” ya ce.

“Me ya ƙi, Ragib?” in ji Mama.

“Gwiwar. Ta ƙi.”

Elvedin ya yi wata dariya wadda ba ta da gindi. “Baffa akwai wasa! Baffa Ragib, jama'a suna kallo fa. Tashi ka nuna musu irin ta rannan.” Ya matso ya kama shi ta hammata yana ja, yana yi wa waya murmushi ta kan kafaɗa.

“Cika ni, yaro.”

Ban taɓa jin Babo ya yi magana da wannan murya a cikin gida ba. Muryar rami ce. Elvedin ya sake shi. Daga inda nake ina hango rubutu yana gudu a fuskar wayar kamar tururuwa, da fuskokin dariya rututu. Ya daka tsalle ya kashe ta, kuma a karo na farko tun da na san shi, na ga ainihin fuskarsa. Ba ta da komai a kanta sai lissafi.

“Kana shan ƙwayoyin kuwa yadda na ce? Safe da yamma? Don idan mutum bai bi ƙa'ida ba, ba laifin magani ba ne.”

Ko “sannu” bai ce masa ba.

Baffa Hasib ya janye hannunsa, ya sa a aljihu. “Abin da ba a tsaya a kansa ba, bai ƙullu ba. Allah ya ba ka lafiya, Ragib. Zumreta, ɗauki jakarki.”

Teta Zumreta ta fita tana cewa ba a taɓa yi mata irin wannan wulaƙanci ba, gida kamar na mahaukata, 'ya mai gishiri, uba mai taurin kai. Elvedin ya naɗe fitilarsa da matuƙar kulawa, kamar jariri, ya wuce ya bar rigar sanyin uwarsa a rataye. Mama ta sure ta, ta bi su har bakin titi da silifas ɗin ɗaki, ina jiyo ta tana rantsuwa cewa sanyi ne kawai, mako mai zuwa zai warware.

Aka bar ni da Babo. Na ajiye tiren, na durƙusa a gabansa, dariya da kuka suna rige-rigen fita. Na kama hannunsa mai kaushi na sumbata, na kai goshina.

“Babo, sun tafi. Tashi abinka. Wallahi ban san ka iya wasan kwaikwayo haka ba, har da gumi! Ka fi duk 'yan Turkiyyar nan. Na gode, Babo, na gode.”

Bai yi dariya ba. Ya zare hannunsa daga nawa, ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum kamar ƙwarya, fatar ta yi ja tana sheƙi, tana warin gavez. Na kai yatsa, zafi kamar murhu.

“Innalillahi. Tun yaushe, Babo?”

Ya ce in kira ɗan maƙwabta mai tasi, in kuma ɗauko masa katin asibiti kafin Mama ta dawo ta cika gidan da kururuwa. Na miƙe da sauri. Har na kai ƙofa ya kira ni, ba da “ɗana” ba, da sunana.

“Mersiha.”

“Na'am, Babo.”

“Kada ki gode mini. Gishirinki na ji shi tun kurɓar farko, na kuma san abin da yake nufi, uwata ce ta koya miki.” Ya sauke ƙafar wandon a hankali, ya rufe gwiwar. “Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, na riga na ce wa yaron nan ya zo, ba zai koma hannu wofi ba. Ba zama na yi don ke ba. Da gaske nake ƙoƙarin tashi.”